Wa ke cin ribar tsadar abinci? Muhawara a zauren 'yan Arewa mazauna Legas

Alhaji Sule Mil 12: Assalamu alaikum jama'a. Malam Habu ya ce in kawo maganar da na yi jiya bayan Isha'i nan zaure kowa ya ji, to ga ta, kuma ina nan a kan bakana. Tsadar abinci ba musiba ba ce ga Arewa. Mu ne masu noma. Kuɗin da ɗan Legas ya biya na tumatir da albasa a kasuwar Mil 12, ƙarshenta Kura da Ɗanja da Aliero yake tafiya. Shekara da shekaru manomi yana sayar da guminsa a wulaƙance, yau da ranarsa ta zo sai mu taya 'yan birni kuka?

Hajiya Binta Obalende: Wa alaikumus salam. Alhaji, ni 'yar Arewa ce kuma a birni nake, wane layi ka sa ni? Shinkafa da wake nake sayarwa, masu cin abincina kuma 'yan dako ne da masu gadi da masu wankin takalmi, duk yaranmu. Wanda a da yake cewa a sa masa nama biyu, yanzu cewa yake Hajiya bar naman, ƙara min miya. Wasu sun daina zuwa da safe. Sai wajen La'asar su zo su ci sau ɗaya, ya zame musu na rana da na dare. In na ƙara kuɗi su gudu, sai dai in rage ludayi, suna gani ina gani, babu mai cewa komai. 'Ya'yan manoman da kake faɗa ne fa waɗannan.

Alhaji Sule Mil 12: Hajiya, ai na ce manomi, ban ce ɗan ci-rani ba.

Malam Habu Agege: To Alhaji mu tsaya a kan manomin. Wane manomi? Mai gona 'yar kaɗan, wanda shi ne mafi yawa a ƙauyukanmu, abin da ya noma ba ya kai shi shekara. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, yake ɗibar buhu ya kai kasuwa don ya biya bashin taki, ya yi wa yara ɗinki, ya aurar da 'ya. Kafin Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwar nan yana awon tiya-tiya a lokacin da farashi ya kai ƙololuwa. Mutumin da ke sayarwa wata biyu yana saye wata huɗu ko biyar, ta ina tsada ta zama rabonsa? Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, miliyan 86 daga ciki a Arewa suke, kuma abin ya fi tsanani a karkara. Wannan tun kafin a taɓa tallafin mai ke nan. Talakan Najeriya fiye da rabin abin da ya samu a ciki yake ƙarewa, saboda haka in abinci ya tashi, makarantar yaro da maganin asibiti ne ke fara fita daga lissafi.

Ɗanladi Direba: Ku bari mai ɗauko kayan ya yi magana. Alhaji, kai ka san kuɗin da ake biya a Mil 12 ba ya isa Kura a yadda ya tashi. Tirela ba fetur take sha ba, gas take sha, shi kuma gas tuntuni babu tallafi a kansa. Tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke ya ninka, bai dawo ba. Taya da batir da kayan gyara duk dala suke bi. Sannan ga hanya. Daga Kano har ka tsallake gadar Jebba, ka wuce Ilori da Ogbomosho ka shigo Ibadan, ba ka ƙirga shingen da za ka tsaya. Wannan ya miƙo rasit, wancan ko rasit ɗin ma babu, sanda ce kawai da katako mai ƙusoshi. Duk a kan kwandon tumatir ake ɗora shi.

Nura Mai Keke: Wallahi oga Ɗanladi ya faɗi gaskiya. Baba Alhaji, a yi min afuwa in sa baki. Mahaifina noman rani yake yi, injin ban ruwansa fetur yake sha. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta doshi 500, zuwa Oktoban 2024 ta kusa 1,000 a nan Legas. A ƙauye kuwa ta fi haka, don wajen 'yan bumburutu suke saye. Rabin filin ya shuka a ranin da ya biyo baya. Ni kuma da nake tura musu ɗan abin cefane, bayan na sha mai, na cire balas na mai keke, na sallami 'yan agbero masu karɓar kuɗi a tasha, abin da ke saura kunyar turawa nake. Gida ɗaya aka buga ta gaba da baya.

Injiniya Bashir Apapa: Ni ban goyi bayan Alhaji ba, amma kada a mayar da tallafin nan waliyyi. A 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan huɗu. Wa ya sha? Mai motoci uku da janareto a Ikoyi, da masu tsallakar da shi Benin da Nijar da Kamaru. Tsohuwar da ke ƙauyen Sakkwato lita nawa take saya a shekara? Tun da aka cire shi kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai. Gwamnoninmu ya kamata a tsare da tambaya.

Hajiya Binta Obalende: Injiniya, tsohuwar ba ta sayen lita, amma tana hawa motar kasuwa, kuma tana kai niƙa inji. Ko shi injin da ruwa yake aiki?

Malam Habu Agege: Hajiya ta riga ni. Ban musa cewa mai kuɗi ya fi shan tallafin ba, Injiniya. Sai dai shi in an cire, abin da ya rasa bai taɓa tukunyarsa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka jero abubuwan. An cire tallafi a ƙarshen Mayu, a tsakiyar Yuni aka saki naira, dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Zuwa Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi na 70,000 kuwa sai a Yulin 2024 aka sa masa hannu, bayan fiye da shekara, Legas ta ce ita 85,000 za ta biya. To ɗan dako da mai shayi wa ke ba su albashi balle a ƙara? Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2008 tsadar abinci da mai ta fitar da mutane titi a Kamaru har aka rasa rayuka, a Haiti ta ci kujerar firaminista. A 2022 layin mai ya kai shugaban Sri Lanka ga tserewa daga ƙasarsa. Mu ma nan waɗanda suka ga zanga-zangar Ojota ta nan Legas a Janairun 2012, da Jonathan ya kai lita 141 daga 65 aka tilasta masa dawo da ita 97, sun san abin ba wasa ba ne.

Alhaji Sule Mil 12: Malam ka iya lissafi, amma ga tambaya. A Yulin 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Me ya biyo baya? A 2025 masara ta faɗi warwas, taki kuwa yana nan inda yake. Manomi ya sayar da buhunan masara kafin ya haɗa kuɗin buhun taki ɗaya. Na san waɗanda suka rantse ba su ƙara shuka ta. Lokacin 'yan birni murna suke, ban ji wanda ya yi wa manomi jaje a zauren nan ba. In tsada ba ta amfane shi ba, arahar ce ta amfane shi?

Injiniya Bashir Apapa: Nan kam Alhaji ya kama ku.

Malam Habu Agege: Ya kama wani abu, amma ba abin da ya fara da shi ba. Da farashi ya tashi, ƙaramin manomi ya riga ya sayar tun kaka, hatsin yana hannun mai sito. Da ya faɗi kuma, a kansa ya faɗi, don ya riga ya sayi taki da tsada. Wanda ke cin ribar tsada shi ne mai jarin da zai saya a Nuwamba ya kulle sai Yuli. Kun manta a Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu sito a Dawanau kan zargin ɓoye abinci?

Alhaji Sule Mil 12: A'a Malam, kada ka shafa min kashin kaji. Ni ɗan gwari ne. Tumatir ake ɓoyewa? Kwana biyu ya yi a ƙasa sai dai masu buka su kwashe shi a matsayin ruɓaɓɓe.

Malam Habu Agege: Allah ya huci zuciyar Alhaji, ba da kai nake ba.

Hajiya Binta Obalende: Ruɓaɓɓen ma yanzu layi ake yi masa, har da matan ma'aikata masu rataye da jaka. Alhaji tunda kana kusa, gobe attarugu zai sauko ko in haƙura da busasshen barkono?

Ɗanladi Direba: Hajiya haƙura kawai. Yanzu yaran mota suka kira ni, hanya ta cushe kafin Mokwa, wata tanka ce ta kife, motocin gwari tun jiya suke tsaye a rana.

Alhaji Sule Mil 12: Inna lillahi. Ɗanladi kira ni yanzu, akwai kayana a ciki, kuma bashi na ɗauko su.