Muhawara: Lucinda Williams ce ta riƙe Car Wheels on a Gravel Road har shekara shida?

Malam Sani: Ana yawan cewa tsananin zaɓen mawaƙiyar Amurka Lucinda Williams ne ya jinkirta wannan faifai nata, kuma ni ina tare da masu faɗin haka. Faifanta na baya, Sweet Old World, ya fito a 1992, wannan bai fito ba sai Yunin 1998. An naɗi waƙoƙin a Austin a 1995 da Gurf Morlix, wanda ya daɗe yana kaɗa mata jita, aiki ya yi nisa, ta ce bai yi mata ba. Aka sake daga tushe a Nashville wurin mawaƙi Steve Earle da mai naɗar sauti Ray Kennedy, aka kuma kwashe zuwa Los Angeles wurin Roy Bittan. Waƙa 13 ce fa kacal.

Hajiya Binta: Malam Sani, ka tattara shekara shidan ka ɗora mata ita kaɗai. Kamfanin Chameleon da ya fitar da faifan 1992 rushewa ya yi. Ta koma kamfanin American Recordings na Rick Rubin, kuma ko da aka gama aikin sai ya zauna a ajiye, don kamfanin yana cikin sauya masu rarraba masa faifai, har kamfanin Mercury ya zo ya karɓa. Wannan zaman jiran ba na sutudiyo ba ne, na teburin ciniki ne.

Malam Sani: Na karɓi wannan, Hajiya. To watsar da naɗin Austin fa? Kamfani ne ya sa ta?

Auwalu: A'a, ita ce, Malam, amma da dalili. Ta yi waƙa da Steve Earle a faifansa I Feel Alright, ta ji yadda Kennedy ya ɗauki muryarta, a gaba, da kaurinta da dusashewarta, ta ce haka take so. Mutane suna zaton in murya ta nutse sai a ɗaga mata ƙara wajen haɗa sauti, shi ke nan. Ba ya yiwuwa. Muryarta tana zaune ne a tsaka-tsakin sauti, daidai inda jitar lantarki take. In jita biyu suna kaɗawa a ƙarƙashin kowane baiti, ka ɗaga muryar, za ta fito kamar an manna ta a kan kiɗan. Maganin shi ne masu jita su ja baya tana rerawa, su shigo in ta numfasa, kuma wannan a lokacin naɗi ake yin sa. Ga kuma matsalar ɗaki ɗaya: ƙarar ganguna tana kutsawa cikin makirufon mawaƙi, duk abin da ka yi wa muryar ka yi wa gangunan. Sai saurin kiɗa. A kan tef, in waƙa ta yi sauri da bugu huɗu a minti, ka rage gudun tef ɗin, sautin gaba ɗaya zai sauka ƙasa, har muryar. Dole makaɗa su dawo su zauna.

Zainab: Kuma rubutunta ba ya jure a ɓoye kalma ko ɗaya, Yaya Auwalu. "Lake Charles" a kan sunayen garuruwa take tafiya: mutumin haifaffen Nacogdoches ne a Texas, amma yana ce wa kowa shi ɗan Lake Charles ne. Ka rasa wannan baitin, ka rasa waƙar. "Drunken Angel" a kan Blaze Foley ce, mawaƙin da aka harbe a Austin a 1989. "I Lost It" ma tun 1980 ta fitar da ita a faifanta Happy Woman Blues, a nan ta rage mata gudu ta ƙara mata nauyi.

Hajiya Binta: A ƙara da wannan. Bittan shi ne mai fiyano a ƙungiyar mawaƙi Bruce Springsteen, shi kuwa Springsteen ya shafe kusan wata shida a kan waƙa ɗaya, "Born to Run", aka yaba masa da ƙwazo. Ita da ta yi irinsa aka ce mai wuyar sha'ani ce. Abin yana ci mini rai. Faifan ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy, ya zo na ɗaya a ƙuri'ar masu sharhi ta jaridar Village Voice ta 1998, ya sayar da fiye da kwafi 500,000.

Malam Sani: Lambar yabo ta nuna faifan da ya fito yana da kyau, Hajiya, ba ta nuna na Austin ba shi da kyau ba. Morlix bai taɓa yarda aikinsa na da aibi ba, kuma a kan wannan suka rabu bayan shekaru suna tare. Hujjar Auwalu ta gamsar da ni game da Nashville. Los Angeles ce har yanzu ban ga dalilinta ba.

Auwalu: Saka "Lake Charles", Malam, ka bi akodiyon, kayan kiɗan nan da ake zugawa da hannu, da kunne tun daga farko, ka ga inda yake cike gurbin da jita ta bari tsakanin baitoci. Irin wannan ƙari aka je yi Los Angeles, ba rushe aikin Nashville ba.

Malam Sani: Akodiyon ai ba a rasa mai kaɗa shi a Nashville ba, Auwalu.