Duhun taswira a Stellaris: in kafa gari ko in jira 'yan bincike?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati uku ke nan ina buga Stellaris, wasan kafa daula a sararin samaniya, a kwamfutar yayana, da dare in an kawo wuta. Abin da ke damuna shi ne farkon wasa: taurari kana hango su, amma abin da ke kewaye da su sai jirgin bincike ya je ya auna. Shekaranjiya na samu wata duniya mai kyau, zango huɗu daga gida, na zuba duk abin da na tara a kanta. Ashe bayanta akwai wata tsohuwar daula mai ƙarfi ta cikin wasan da ba ta son maƙwabta. Ta aiko in tashi, na ƙi, ta share ni tas. Wallahi har na kwanta raina a ɓace. Ku da kuka daɗe, kafawa kuke yi da wuri ko jira?

Na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da jirgin bincike ɗaya ka tsaya ko? Ni kafin komai sai na ƙera biyu ko uku na ƙara, kowanne na ba shi nasa gefen. Kuma ba duniya mai daɗin zama nake fara nema ba, mashiga nake nema. Tun gyaran da aka yi wa wasan a 2018 jirage bin hanyoyin da suka haɗa taurari suke yi, don haka sau da yawa za ka tarar yanki guda ƙofarsa tauraro ɗaya ce. Ka auna shi, ka dasa tasha, abin da ke bayansa ya zama naka ko ba ka leƙa ba tukuna. Da ka yi haka, da ka ga iyakar mutanen nan kafin ka sauke kaya.

Malamin Lissafi:
Yaro, ka yi haƙuri. Mu a Master of Orion na 1993, wani tsohon wasa irin wannan, muka fara shan haka. Ka tura ɗan leƙen asiri, ya faɗa tauraron Orion, mai gadin wurin ya hallaka shi. Duk da haka ba zan so a yaye duhun ba. In taswira a buɗe take, lissafi kawai ya rage, kowa ya san inda zai nufa. Sai a cikin hazo ake sanin madugu.

'Yar Sabon Gari:
Malam, gaskiya ne, amma jira ma yana da tsada. Na taɓa tsayawa sai na auna ko'ina, na waiwayo maƙwabci ya riga ya toshe mini mashiga biyu. Duniyoyin da ke dab da gida kafa su nan take, ba abin tsoro. Mai nisa ce sai ka ga zango biyu gaba da ita.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Jirgi ɗaya ne kuwa, Yaya Na Zango. Yau da dare zan sake daga farko da uku.