Burodin tsami yana fitowa da danƙo a ciki, ina matsalar take?

Maman Hanan:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ma'aunin nan: fulawa giram 500, ruwa 350, uwar tsami (kwaɓin fulawa da ruwa da aka bari ya yi tsami, mai tayar da burodi) 100, gishiri 10. Ɓawon ya yi kyau, amma cikin ya cushe, ga danƙo, ga wani ƙaton rami a sama. Me ke kawo haka?

Malam Gashi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ma'auninki daidai ne, kullin ne bai gama tashi ba. Ki fara duba uwar tsamin. Ki ciyar da ita da fulawa da ruwa, kowanne daidai nauyinta. Idan ba ta ninka biyu cikin awa 4 zuwa 6 a zafin digiri 25 na ma'aunin Celsius ba, ba ta da ƙarfin ɗaga burodi tukuna. Bayan kwaɓawa kuma kar ki bi agogo, ki bi kullin: ya ƙaru da kusan rabi, kumfa ta fito a gefen roba, in kin girgiza ya yi rawa. A ɗaki mai sanyi wannan kan ci awa 8 ko fiye.

Anti Zee:
Ƙari kan maganar Malam, a gasa a tukunyar ƙarfe mai murfi da aka riga aka zafafa. Digiri 240, minti 20 a rufe don tururi ya ba shi damar buɗewa, sai a cire murfi, a rage zuwa 220, a ƙara minti 20 zuwa 25.

Baban Sadiq:
Kuma don Allah kar a yanka da zafi. A bar shi aƙalla awa ɗaya a kan raga, domin cikin yana ci gaba da daskarewa yayin da yake hucewa.