Fanel huɗu na sola, a jera su duka ne ko biyu-biyu?

Mai_Shagon_Kwana:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar sola ku taimaka min da shawara kafin in yi asara. Na sayo fanel huɗu masu 300W, batir tubula biyu masu 220Ah, inbata 2.5kVA mai 24V, sai kwanturola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, irin MPPT 60A wadda aka rubuta 150V a jikinta. Abin da nake so kawai firiza ɗaya, fankoki, ƙwayaye da talabijin, wutar NEPA a unguwarmu sai dai labari. To matsalar ita ce mai wayarin da ya yi min aikin gidan ya ce a haɗa fanel ɗin duka huɗun siris wai wuta ta fi ƙarfi, wani yaro kuma da ke aikin sola a layinmu ya ce a'a faralel ake yi duka, kowa ya rantse nasa ne daidai, ni kuma kuɗin nan da kyar na tara su. A bayan fanel an rubuta Voc 45V, Vmp 36V, Imp 8.3A. Daga kan kwano zuwa ɗakin da batir zai zauna zai kai mita 15. Akwai kuma wani tsohon fanel 150W da nake da shi, zan iya cusa shi a ciki?

Injiniya_Sola:
Wa'alaikumus salam. Malam ka kyauta da ka kawo lambobin bayan fanel, da yawa sai su ce "fanel babba" shi ke nan. Gaskiya duka su biyun kar ka bi.

Siris shi ne ka ɗauki jan wayar wannan fanel ka haɗa da baƙin na gaba, haka har ƙarshe. A nan bolt ne ke taruwa, amfiya tana nan yadda take. Naka 45 sau huɗu 180V kenan, kwanturolarka kuma iyakarta 150V. Ranar farko da rana ta fito za ta iya tafiya, kuma mai kaya ba zai karɓa ba don yana buɗewa zai gane abin da ya faru. Kuma a lura, da Voc (bolt ɗin fanel a buɗe, ba a jan wuta) ake wannan lissafin ba Vmp (bolt ɗinsa a kan aiki) ba, nan mutane ke ruɗewa, sai mutum ya ce ai 36 sau huɗu 144 ne bai kai 150 ba. Da sassafe kafin kwanturola ta fara jan wuta Voc ɗin take gani tsaf.

Faralel kuwa ja da ja, baƙi da baƙi, bolt na tsayawa a 36, amfiyar kowane fanel (Imp 8.3A ɗin nan) ta taru ta kai wajen 33A. Ba zai ƙona komai ba amma wayarka ce za ta sha wuya. Mita 15 zuwa da dawowa mita 30 ne, in waya 4mm ce za ka rasa sama da bolt 4 a hanya, kusan kashi 12 cikin ɗari na wutar da ka saya ya tafi a zafin waya, kuma batir 24V sai ya kai wajen 28V zuwa 29V kafin ya cika, ka ga ratar da ta rage wa MPPT ɗin kaɗan ce, da rana ta yi zafi fanel ya sauke bolt sai caji ya dinga ja da baya.

Abin da za ka yi: biyu siris, biyu siris, sai ka haɗa layukan biyu faralel da wannan mahaɗin MC4 mai reshe biyu. Za ka samu 90V a buɗe, wajen 72V a kan aiki, amfiya 16 da ɗoriya. Da waya 6mm asarar ba ta wuce kashi 2. Wattunka 1200 in ka raba da 28V ɗin da batir ke kaiwa a caji zai ba ka wajen 43A, kwanturola 60A ta ɗauka ba matsala.

Tsohon 150W ɗin nan ka bar shi gefe. In ka sa shi a layi ɗaya layukan sun daina zama daidai, ɗaya zai dinga jan ɗaya ƙasa. Ka nemo masa ƙaramar kwanturola mai sauƙi, irin da ake kira PWM, da batir 12V ya riƙe maka ƙwayayen tsakar gida.

Dan_Tudun_Jos:
Injiniya ya gama magana, ƙari kawai zan yi a kan sanyi, don mu nan mun san shi. Lambar da ke bayan fanel an auna ta ne a zafi digiri 25, in gari ya fi haka sanyi bolt hawa yake yi. Lokacin hunturu da safe fanel ya kwana cikin sanyi rana ta buge shi, Voc sai ya wuce abin da aka rubuta. Shi ya sa ko uku siris, 135V, ni ba na so a kan kwanturola 150V, ya yi kusa da bango da yawa. Na faɗa ne don na san nan gaba za ka ce za ka ƙara fanel biyu su zama shida, wani ya ce maka uku-uku. In ka tashi ƙari ka yi biyu-biyu layi uku, amma fa daga layi uku kowane layi sai an sa masa fiyus nasa, kuma 1800W a kan 24V ya ɗan wuce 60A ɗin, kwanturolar za ta dinga yanke rarar.

Baban_Walida:
Ni dai ban yarda a yi ta zagin faralel ba. Gidana akwai darbejiyar maƙwabci da ke jefo inuwa kan kwano daga la'asar, kuma mutumin ba zai sare ta ba ko za a yi me. A siris in inuwa ta rufe fanel ɗaya duk layin take ja ƙasa, kamar ayarin da jaki ɗaya ya gurgunce. Don haka malam kafin ka kira kowa ka hau kwanon da safe, da azahar, da la'asar ka ga inda inuwar tankin ruwa ko dish ko bishiya ke faɗawa. In akwai gefen da inuwa ke taɓawa to fanel biyun da ke wajen su zama layi ɗaya, kar ka raba su a layi biyu su ɓata maka duka.

Injiniya_Sola:
@Baban_Walida maganarka haka take ranka ya daɗe, shi ya sa ma biyu-biyun ya fi masa, in layi ɗaya ya shiga inuwa ɗayan na aiki. Amma faralel zalla a mita 15 kuɗin waya kaɗai zai sa shi kuka.

Tunda an zo kan waya, malam ka buɗe ido a kasuwa. Akwai wadda ake sayarwa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyam ce aka yi mata wanka, ka kankare bakin da wuƙa a gaban mai shagon, in ciki ya fito fari ka ajiye masa kayansa. Wayar sola ta asali silinta ma fari-fari ne don an shafa mata kuza, amma ita in ka kankare ja za ka gani a ciki, kuma ta fi nauyi a hannu. Kar a yi maka da wayar wayarin ɗaki a kan kwano, rana za ta busar da robar ta tsattsage. Tsakanin batir da inbata kuma 25mm ko 35mm, gajera iya yadda za ta yiwu, don 2.5kVA a kan 24V na iya jan kusan 100A.

Bireka dole ta zama ta DC, wato irin wutar fanel da batir, ɗaya tsakanin fanel da kwanturola, ɗaya a gefen batir. Masu wayarin gida sun saba ɗauko ta AC, irin ta wutar NEPA, su maƙala, ita kuma wutar DC in ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta, haka za ta yi ta ci har birekar ta narke. Sannan tsarin kunnawa: batir za a fara haɗawa da kwanturola ta gane 24V ne, sannan a saki fanel. In za a kwance kuma fanel ake fara cirewa. Kar wanda ya zare MC4 rana tsaka wuta na gudu, a kashe bireka tukun.

Hajiya_Mai_Kankara:
Ni ba injiniya ba ce amma da firiza nake cin abinci. Batir biyun nan kar ka ɗora musu firiza har asuba, ka bar ta ta yi aikinta da rana ta daskare, da magariba ka kashe, in ba a yawan buɗewa sanyin zai kai safe. Tubula ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi kullum. Ka dinga duba ruwansa, ruwan batir fa ba na rijiya ba, kuma ɗakin ya zama iska na shiga. Sai wanke fanel, lokacin ƙura in ka yi sati biyu ba ka hau ba za ka rubuta sunanka da yatsa a kai, ka ga caji ya ragu ka ɗauka kaya ne suka lalace. Da sassafe ake wankewa kafin gilashin ya ɗau zafi.

Mai_Shagon_Kwana:
Kai Allah ya saka da alheri, Hajiya na gode, Injiniya Allah ya ƙara basira. Biyu-biyun zan sa a yi kuma ina tsaye a wajen za a yi. Tambaya ta ƙarshe, wane gefe za su kalla? Kwanona gefe ɗaya gabas ɗaya yamma ne. Kuma maganar tsawa fa, damina na tafe.

Injiniya_Sola:
Kudu ake so su kalla tunda muna arewa da ikwaita, Kano misali tana wajen digiri 12 ne, to karkata kamar 10 zuwa 15 ta isa, ruwan sama ma zai dinga wanke ƙurar ya gangara. Ka sa mai walda ya yi maka firam da zai juya su kudu, a bar rata tsakaninsu da kwano iska ta dinga ratsawa don zafin kwano na rage musu ƙarfi. In firam ya gagara ka sa su a gefe ɗaya, ko layi ɗaya gabas layi ɗaya yamma, amma fanel biyun da ke siris dole su kalli waje guda. Tsawa kuwa a haɗa firam ɗin da sandar ƙasa ta jan ƙarfe, a kafa ta inda ke da danshi, a sa abin kare tsawa na DC kusa da kwanturola. In an gama ka sa mita a kan kowane layi kafin a jona, ya nuna 80 da wani abu zuwa 90V, in ka ga alamar ragi a gaban lambar to an juya ja da baƙi, a gyara kafin a ɗaga bireka.