Ɗana ya ci 6 cikin 20 a Sifaniyanci, babansa kuma na jiran ya yi masa tafinta a Bata

Maman Abdul, Yawunde:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo, abun ne ya tsaya min a rai. Mu asali a Garwa muke, bara muka dawo Yawunde unguwar Briketeri saboda kasuwancin maigida, yana kai atamfa da takalma Kye-Ossi, garin da ke bakin iyakar Kamaru, wani lokaci ya tsallaka har Bata a Ikwatoriyal Gini, kuma zaman nan bai zo mana da sauƙi ba dan gidan da muka fara kamawa ruwa ke shiga ɗaki, sai da muka sake tashi, ga uwar mijina ta zo jinya ta yi wata biyu a wurinmu, duk a cikin wannan hidimar yaron ya shiga katiriyem, wato aji uku na sakandare, inda ake cewa kowa ya zaɓi yare na biyu. Ni Larabci na so, babansa ya ce a'a Sifaniyanci zai yi tunda shi ake yi a Bata kuma ya gaji da biyan masu yi masa tafinta. To yanzu sakamakon zangon farko ya fito, 6 cikin 20. Faransanci ya ci 13, lissafi 12, wannan kaɗai ne ya ja masa matsakaicin maki ƙasa. Na ƙwace wayar da yake taɓawa, na ɗaukar masa mai lesin dubu goma a wata, har yanzu in na ce yi min magana da yaren sai ya ce buenos días ya yi shiru. Babansa ya ce hutun ƙarshen shekarar karatu zai tafi da shi ya riƙa yi masa ciniki. Wai wata huɗu bai isa yaro ya fara magana ba? Me zan yi?

Maman Fa'iza, Duwala:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki saurare ni da kyau, ni na yi yaren nan tun katiriyem har na gama sakandare kuma yarana uku duk shi suka yi, babu wanda ya taɓa sauka ƙasa da 14. Maganin abu ɗaya ne, hadda. Aikatau ɗinsu kashi uku ne, masu ƙarewa da ar, da er, da ir. Ki saya masa littafin rubutu daban, kullum bayan Magariba aikatau ɗaya, ya rubuta hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan sau biyar ya rufe ya karanto miki da ka, ko ba kya jin yaren ki riƙe littafin ki duba. In ya zauna sai ya shiga masu taurin kai irin su ser da ir da tener da hacer. Wanda duk ya ce miki akwai wata hanya ɓata miki lokaci zai yi. Kuma ki sallami mai lesin ɗin nan, yawancinsu aikin gida kawai suke yi wa yaro su karɓi kuɗi.

Ummu Sudais, Kano:
Ni dai abin da ban gane ba, ana ba da Larabci a makaranta kyauta a bar shi a ɗauki yaren 'yan ƙwallo? Da Larabcin ya ɗauka ai da karatun Islamiyyarsa ya taimake shi. Ki je ki roƙi shugaban makarantar a canza masa tun da wuri. Mu nan Faransanci ake cusa wa yara a ƙaramar sakandare, shekara uku 'yata ta yi, littafi na saya ba adadi, yau ko gaisuwa ba ta iya ba, kuɗin kawai aka ci.

Baban Yusra, Garwa:
Maman Abdul, ni malamin Faransanci ne amma ofis ɗaya muke zama da masu koyar da Sifaniyanci. Kafin a ba ki magani ya kamata a san ciwon. Shekarunsa nawa? Ya taɓa maimaita aji? Kin ga takardar jarrabawar da idonki, ina jan biron ya fi yawa? Sannan maganar wata huɗu, gaskiya ki sauke buri. Yaron da ya fara a watan Satumba, darasi biyu ko uku a sati cikin aji mai cunkoso, abin da ake nema a wurinsa zuwa ƙarshen shekara shi ne ya faɗi sunansa da shekarunsa, ya bayyana gidansu da 'yan gidansu, ya ƙirga, ya faɗi lokaci, ya rubuta 'yan layuka. Matakin farko ke nan, wanda ake kira A1, har cibiyar Cervantes ta ƙasar Sifen mai koyar da yaren tana da jarrabawar ƙwarewa mai suna DELE ta wannan matakin da aka ware wa 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17. Ciniki da mutanen Bata masu magana da sauri suna haɗawa da yaren Fang, wannan wani zance ne daban.

Maman Abdul:
Malam na gode. Takardar tana hannuna yanzu haka. Ya rubuta soy en la escuela malamin ya zagaye soy ya rubuta estoy a sama, irin wannan har wuri huɗu, sannan wani wuri ya sa hablo aka ɗora masa ɗan karan nan a kan o, kuma akwai tambayar da ya amsa rabinta da Faransanci. Amma fa wayar ba zan mayar ba, kun san abin da yara ke kallo. Mai lesin ɗin kuma ɗan maƙwabciyarmu ne yana jami'a, ba zan iya kallon idon uwarsa in ce ya daina zuwa ba, ita ta tsaya mana lokacin jinya. Ummu Sudais canzawa ba zai yiwu ba, babansa ya riga ya yanke.

Baban Yusra:
To kin ga wannan ba daƙiƙanci ba ne. Faransanci être ɗaya gare shi, Sifaniyanci ya raba shi biyu, ser na ko wane ne kai da asalinka, estar na inda kake da halin da kake ciki a lokacin, duk yaron da ya taso da Faransanci a nan yake fara tuntuɓe. Shi kuma karan nan ba ado ba ne, hablo ina magana, habló ya yi magana, in bai ji da kunnensa inda ake danna murya ba zai yi ta mantawa. Shi ya sa na ke ganin minti goma sha biyar kullum yana karatu da ƙarfi yana sauraro ya fi awa biyu ranar Lahadi. Kuma yaranmu suna da sa'a, wasulan yaren biyar ne a, e, i, o, u, ana karanta shi kusan yadda aka rubuta, r mai karkarwa muna da ita a Hausa, j ɗinsu kuwa kamar kha ce ta Larabci da ya sani a allo.

Maman Fa'iza:
Malam da girmanka, a BEPC baɗi, jarrabawar gama aji huɗu na sakandare, alƙalami za a ba shi ya rubuta, ba za a ce ya yi hira ba. Sauraron me? Yaron da bai haddace estoy, estás, está ba ko shekara ya yi yana sauraro 6 ɗin zai sake ci. Irin wannan sassaucin ne ya lalata makarantu, malamin autana wata guda bai shiga aji ba aka ce yara su yi bincike da kansu, da ban zauna da ita da kaina ba da ta faɗi. Maman Abdul ki yi abin da na ce sati shida ki dawo ki ba mu labari. Wayar ma kin yi daidai, kar ki mayar.

Alhaji Baban Nura, Kye-Ossi:
Ni ko aji ɗaya ban yi ba amma ina ciniki da su lafiya lau, cuánto, caro, barato, da ƙirga, a bakin kasuwa na koya. Ku bar yaro ya bi ubansa hutu, kunnensa zai buɗe. Sai dai a gaya wa Alhajin ya shirya takardun yaron tsaf, iyakar nan ba ta da tabbas, yau a buɗe gobe a rufe, ni kaina kayana sun taɓa kwana a mota har atamfa ta jiƙe ban ga wanda ya biya ni ba, kuɗin sefa ɗaya muke kashewa da su amma wahalar shiga sai ka ce wata duniya za ka.

Maman Jamil, Bronx:
Hmm ni matsalata ta juye ne. 'Yata tana aji bakwai a nan New York, Sifaniyanci take ci sosai dan ƙawayenta duk 'yan Jamhuriyar Dominika ne, a bas da shago da filin wasa shi take ji, amma Hausa ta gudu, kakarta ta kira daga Kumasi sai dai in tsaya a tsakiya ina fassara, wallahi ranar nan sai da na yi kuka. Ki gode Allah naki yana jin Hausa. Amma ki gwada manhajar koyon yare ta Duolingo a wayarki ke, ki zauna kusa da shi, in ya gama ki karɓe. In yana son ƙwallo ki bar shi ya ji sharhin wasan Barcelona da yaren, ki gaya masa ɗan wasansu Lamine Yamal ma mahaifiyarsa 'yar Ikwatoriyal Gini ce, yara suna son irin wannan.

Maman Abdul:
Ƙwallo kuma? Ai ita ce ta kai mu ga 6 ɗin. Kuma maganar bayan Magariba ko minti sha biyar, ku gane yaron nan yana dawowa ƙarfe huɗu, ya ci abinci ya tafi Islamiyya sai shida, bayan Isha'i yana zuwa shagon ƙanin babansa ya taya shi rufewa, ba zan cire shi daga ko ɗaya ba, Islamiyya ba abin tattaunawa ba ce, shagon kuma ba ni na sa shi ba. Ni abin da na ke so a gaya min shi ne yadda zai fara magana kafin watan Yuni, dan in babansa ya kai shi Bata ya kasa buɗe baki ni za a ce ban kula ba.

Baban Yusra:
Har yanzu ba ki faɗi shekarunsa ba, kuma shi yaron an tambaye shi me yake gani? Yaushe yake barci?

Maman Fa'iza:
Ba sai an tambaye shi ba Malam, yaro ne. A tashe shi bayan Asuba kafin ya yi wanka, aikatau ɗaya, shi ke nan an samu lokaci. Ni haka na yi wa Fa'iza.

Ummu Sudais:
Bayan Asuba ai lokacin tilawa ne Hajiya.

Maman Abdul:
Asuba yana ɗebo mana ruwa ne, famfon layinmu da safe kawai yake kawowa. Babansa zai dawo ranar Juma'a kuma ban nuna masa sakamakon ba tukuna. Maman Jamil shi Duolingo ɗin yana cin data da yawa? Kuma akwai wanda za a yi da Faransanci, dan Turancinsa ba ƙarfi?