Hilux, L200 ko babbar Ford: wacce za ta jure hanyar Bokkos?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ina sarin dankalin Turawa daga Mai Katako da ƙauyukan Bokkos zuwa Farin Gada, wani sa'in har Abuja. Kuɗin shata ya ishe ni, na yanke shawarar sayen tawa motar. Abin da na tara miliyan 25 ne, ba zan ci bashi ba. An nuna mini uku: Hilux 2013 mai fetur wadda aka yi amfani da ita a nan gida, Mitsubishi L200 2015 mai gas, sai wata Ford F-250 2012 a Abuja, girmanta kamar ɗaki, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi. Da damina ina shiga gonaki, taɓo ne har gwiwa. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu ya faɗa mini gaskiyar injinta, don Allah.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, ka huta. Tun 1990 ake yin injin nan, silinda 6, ba ruwansa da kwamfuta.

Ɗan Gangare: Alhaji ai na faɗi abin da ke hannuna. Kuɗin nan ko kusa da ita ba zai je ba.

Oga Na-Dilimi: Shekarata 22 ina kwance inji. Hilux ɗin nan injin 2TR ne, lita 2.7. Wajen taimin, wato abin da ke daidaita bugun inji, sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewa. Ba shi da gudu, yana shan mai, kuma a nan Jos da muke kan tudun mita 1,200 inji marar tobo yakan ɗan rage ƙarfi, za ka ji shi in ka yi lodi. Amma in kana yin juye a kan lokaci, lagireto ba ya yoyo, sai ka gaji da shi. Kayansa kuwa ko tsakar dare ka buga mini waya zan samo maka a Dilimi, kasuwar kayan mota ta Jos. L200 injin 4D56 ne, mai kyau, ya fi tsimin mai. Abin lura ɗaya: bel biyu gare shi, babba da ƙarami. Mutane sai su canza babban su bar ƙaramin, ranar da ya tsinke ya faɗa cikin babban, shi ke nan bawul ya haɗu da fistin, inji ya lalace.

Mai Kabeji: Ɗan'uwa, don girman Allah ka nisanci babbar nan. Ni na ɗanɗana. A 2022 na sayar da filina na Rikkos na sayi irin waɗannan manyan na Amurka masu gas, ba wannan kamfanin ba, kuma ba zan kama suna ba don laifin ba na masu ƙera ta ba ne. Dillali ya rantse mini Baljiyam ce tsaf, ba ta taɓa aiki a Najeriya ba. Haka ne, ba ta taɓa ba, amma ashe ambaliya ta ci ta a can, aka yi gwanjonta. Wata uku lafiya lau. Ranar wata Laraba na ɗauko kabeji da karas zan kai Abuja, ina cikin gangaren Hawan Kibo fitilu suka kama a gabana kamar kasuwar dare, motar ta ƙi wuce giya biyu. Da ƙyar na kai Forest. Kwana biyu kayan mutane suna kwance a rana, kabeji ya fara wari, na biya masu kaya daga aljihuna. Aka ja ta zuwa Apo, wurin makanikai a Abuja, wannan ya ce injekta, wancan ya ce ƙwaƙwalwa, kowa da nasa ƙiyasin. Da muka ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo da tsatsa a jikin wayoyi. Wata biyar ina jiran kaya daga waje, dala kuma ta tashi a 2023, abin da aka ce mini a farko ya ninka. Ƙarshe a matsayin kayan gwangwan na rabu da ita. Yanzu haya nake yi, yarana biyu na cire su daga makarantar kuɗi. Dillalin kuwa har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, sai ya kau da kai.

Maman Sadik: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Na ji wannan har zuciyata.

Baban Walid: Amin. Amma Malam, ba ka kai an duba maka lambar bodi ba? Motar Amurka in ka sa lambar a intanet, tarihinta yakan fito, har hoton gwanjo.

Mai Kabeji: Alhaji, lokacin wa ya san wannan? Amana na ɗauka.

Injiniya Rayfield: Labarin nan ya taɓa ni, sai dai ruwa ne ya kashe motarsa, ba inji ba. Injin F-250 ta 2012 mai gas lita 6.7 ne, silinda 8, kuma an yi shi ne don jan tireloli masu nauyi a kan kwalta. Matsalar a nan gas ne. An ƙera shi don gas mai tsabta ƙwarai, yana da matatar hayaƙi a salansa, yana kuma buƙatar wani ruwa na daban da ake zuba masa. Ka ba shi gas ɗin jarka sau biyu, famfo ya fara sakin garin ƙarfe, injekta takwas duk su tafi tare. Ga faɗinta, hanyar gona ba za ta ɗauke ta ba.

Oga Na-Dilimi: To ai maganata ke nan. Amma Injiniya, da girmanka, ka taɓa sa hannu cikin baƙin mai? Mu da muke kwana a ƙarƙashin mota mu ya kamata a saurara.

Injiniya Rayfield: Oga, ina ganin mutuncinka. Amma irinku ne ke cire tamostat ku ce zafin Najeriya ne, a garin da ake hura wuta a ɗaki da hunturu.

Oga Na-Dilimi: Ni ban taɓa cirewa ba, ka tambaya.

Ɗan Gangare: Manya, a yi haƙuri. Kuɗin fa? Hilux ɗin an tsaya a miliyan 24.

Sarkin Dillalai: An yi maka tsada. Makon jiya na sayar da irinta 19 a Bukuru.

Baban Walid: 19? Sai dai wadda ta gama aikin haƙar kuza, an yi mata fenti. Ƙanena ya biya 29 a Kaduna cikin azumi, kuma 2012 ce.

Sarkin Dillalai: Kowa da sa'arsa, Alhaji. Ɗan Gangare ka same ni ta ciki.

Mai Kabeji: Kada ka bi kowa ta ciki. Ka tafi da makanikenka, ka biya shi kuɗin yini, ya shiga ƙarƙashi ya duba shasi ko an yi walda.

Auta: Yaya ka sayi jakai 40 kawai. Ba gas, ba fetur, ba injekta, in ɗaya ya buga ka kira mahauta 😂

Maman Sadik: Kai Auta, ana maganar dukiyar mutum. Malam, tambayata ita ce buhu nawa kake ɗauka? Mu a gidanmu L200 muke kai ƙwai da ita daga Zawan, shekara huɗu ba a buɗe injin ba. Amma waɗannan motocin lodinsu bai wuce tan ɗaya ba. In dankali ne da yawa, ai Canter ko Dyna ce motarka.

Ɗan Gangare: Hajiya, Canter ba ta shiga inda nake shiga a watan Agusta. Sai mai jan taya huɗu. Amma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 lissafin 2TR ke ba ni tsoro. Zuwa Abuja da dawowa lita nawa za ta sha da lodi?

Direban Mangu: Ka bar lissafin mai tukuna, ka yi lissafin masu sanduna. Jiya daga Mangu zuwa Mararrabar Jama'a sau nawa na tsaya? Wannan ya ce sitika, wancan ya ce takardar kayan gona, wani ya ce ta ƙaramar hukumarsu daban ce. Da sun ga buɗaɗɗiyar mota da buhuna sai su jawo katako mai ƙusa.

Mai Kabeji: Wallahi ranar da na lalace a Forest ma sai da wasu suka zo neman kuɗin fakin.

Direban Mangu: Kuma rasit ɗin bara ba ya aiki bana, ko kwanan wata bai ƙare ba. Akwai wanda ya san inda ake sayen na gaskiya, wanda za a karɓa har Akwanga?

Baban Walid: Ni sitika bakwai ne a gilashina, har ba na ganin madubin gefe sosai, kuma shekaranjiya sai da na biya a hanyar Keffi.