Yaran da ke karatu a gida: ta yaya za su iya zama da mutane?

Maman 'Yan Maza, Gwale:
Assalamu alaikum. Yara biyu ne, ɗan shekara 5 da ɗan 8, malami ke zuwa gida yana koya musu boko. Karatu ba laifi, amma babban ba ya jure a cinye shi a wasa, ƙaramin kuma da baƙi sun yi sallama sai bayan ƙofa. Islamiyyar yamma ta wadatar, ko da abin da za a ƙara?

Malamar Firamare, Kabuga:
Wa alaikumus salam Hajiya. Islamiyya tana koyar da ladabi da jiran layi wajen biya hadda, amma can zama ake yi. Abin da yaranki ke rasawa shi ne lokacin da ake tashi tara, inda yara ke rigima su sasanta ba malami a kai. Ki haɗa kai da gida biyu ko uku, yara huɗu zuwa shida, sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi. Yaran su zama su ɗin ne dai kullum, don sabo ke kawo abota. Wasa mai doka ake so: langa, dara, carafke, ƙwallo. In gardama ta tashi ki ba su minti biyu, sai in an kai hannu. Kuskuren iyaye shi ne "kai ne babba, ka haƙura". Babban ya tara haushi, ƙaramin ya gane kuka ke ci.

Baban Yara, Tarauni:
Kan na 8 ɗin, a riƙa buga dara da shi, kada a bar masa ci da gangan kullum. In ya fusata a sa wa abin suna: "Ka ji haushi an cinye ka." Nasiha sai ya huce, yaro mai huci ba ya jin magana. A duba barcinsa ma, ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12.

Ma'aikaciyar Jinya, Fagge:
Yaya, kada a kira ƙaramin "mai kunya" a gabansa, sunan zai bi shi. Mataki-mataki ake bi. Ku gwada gaisuwa a ɗaki tukuna, sannan ya gaida kakarsa, sannan a ba shi kuɗi ya sayo abu a shagon layi kina tsaye nesa kaɗan. Fita Gidan Makama ko Gidan Zoo da yaran maƙwabta ma tana taimakawa, shi zai miƙa kuɗin shiga. Amma in yana surutu a gida, a waje kuwa ko kalma ba ta fita har fiye da wata guda, wannan ya wuce kunya, a kai shi wajen likitan yara.

Malamar Firamare, Kabuga:
Na manta, ranar haɗuwar a ajiye waya da talabijin. In akwai su, yara shida za su jeru ba mai ce wa wani uffan.